Yadda Ake Duba Kumburin Gaɓɓai da Na'urar Sikanin a Amosanin Rumatoyid

Abokan aiki da dama, musamman masu yin sikanin a ƙananan asibitoci, sun yi ta aiko min da tambaya guda: shin na'urar da muke duba masu juna biyu da ita za ta iya nuna kumburin gaɓɓai? In za ta iya, ta ina ake farawa? Jikin na'urar yakan iya, amma kan da aka saba aiki da shi da saitin da aka bar ta a kai ba za su iya ba. Yawancin rahotannin da ke cewa "ba a ga kumburi ba" a hannun da ke fama da rumatoyid, wato amosanin da garkuwar jiki ke kai wa gaɓɓai hari, laifin saiti ne da nauyin hannun mai dubawa. Shi ya sa na fi daɗewa a kan waɗannan biyun. Zan riƙa ambaton marar lafiya da "ta", domin cutar ta fi kama mata, ninki biyu zuwa uku a kan maza.

Mataki na 1: Fara tantance ko hoton ya zama dole

Matar da ta zo da yatsu a kumbure a hannu biyu, ta ce in ta tashi da asuba sai ta yi kusan awa guda kafin hannun ya saki har ta iya riƙe buta, kuma abin ya haura mako shida, ba sikanin ne zai gano cutarta ba. Hannunka da gwajin jini sun isa. Ka'idojin da ƙungiyoyin likitocin gaɓɓai na Amurka da Turai, ACR da EULAR, suka fitar a 2010 sun dogara ne da yawan gaɓɓan da suka kamu, gwajin jini na RF da anti-CCP masu neman alamar cutar, gwajin ESR ko CRP masu auna kumburi, da tsawon lokacin ciwo. Maki 6 cikin 10 ake nema. In kuɗin marar lafiya ba zai ɗauki komai da komai ba, ni dai ra'ayina a sa shi a gwajin anti-CCP da magani, hoto ya jira.

Sikanin yana biyan kuɗinsa a wurare huɗu: in akwai ciwo da sanƙarewar safe amma hannunka bai ji kumburi ba; in hannun mai kauri ne ko ya riga ya karkace har ba ka iya bambance tsohuwar ɓarna da sabon kumburi; in tana shan magani amma ta ce ciwon na nan; sai kuma in za a sa allura a cikin gaɓa ana son ganin hanyarta.

Gargaɗi: gaɓa ɗaya tilo da ta kumbura, ta yi zafi, ga zazzaɓi, wannan maganar gaggawa ce. A ɗauka ƙwayar cuta ce ta shiga gaɓar har sai an zuƙo ruwanta an gwada. Hoto ba zai raba maka ruwan mugunya da ruwan amosani ba.

Mataki na 2: Kayan aiki da inda kuɗi ke tafiya

Abu na farko shi ne kan na'urar, wanda ma'aikata ke kira furob. Mai lanƙwasar baki da ake duba ciki da shi yana aiki ne da mitar sauti ta wajen 3.5 zuwa 5 MHz. An yi shi don ya hango abin da ke can ciki, gaɓar yatsa kuwa milimita kaɗan ce ƙarƙashin fata. Kana bukatar furob mai miƙaƙƙen baki, aƙalla 10 zuwa 12 MHz, in da hali 15 zuwa 18. Akwai wani ɗan ƙarami mai siffar sandar wasan hoki, yana shiga tsakanin yatsu da gefen ƙafa cikin sauƙi. Yana da daɗin aiki, amma ba dole ba ne.

Na biyu, na'urar ta kasance tana da fawa Dofla, wato tsarin da ke nuna gudun jini da launi ko da jinin na tafiya a hankali. Kafin ka sayi furob, ka tabbata ramin na'urarka zai karɓe shi, kuma manhajarta ta san shi. Furob na wani kamfani ba ya hawa na'urar wani, har a kamfani ɗaya ma wani samfurin ba ya karɓar na ɗan'uwansa. Mutane sun sha asarar kuɗi a nan. In na hannu za ka saya, a haɗa shi a gabanka, ka kunna shi a iska ba jel, ka duba ko akwai baƙin layi da ya sauko daga sama zuwa ƙasa a allon. Wannan alamar mataccen sashe ne a bakin furob ɗin.

Ƙananan na'urorin da ake haɗawa da waya, irin su Lumify, Vscan Air, Clarius da Butterfly, kuɗinsu 'yan dubban daloli ne, wasu kuma ana biyan kuɗin manhaja duk shekara. Suna nuna ruwa da kaurin tantanin cikin gaɓa da kyau, sai dai Doflansu galibi bai kai na manyan na'urori ji ba. Ka gwada shi a kan yatsanka kafin ka biya, yadda zan bayyana a mataki na 6.

Sauran kaya: jel mai yawa, ƙaramin matashi ko tawul da aka naɗe, tebur da kujeru biyu, tsumman goge furob irin wanda kamfanin ya amince da shi, da batirin ajiyar wuta. Ba kowane furob ke jure sifirit ba, yakan fasa robar bakinsa. Ka ware minti 20 zuwa 30 wa hannu biyu da ƙafa biyu, sabon hannu zai fi haka. Ka kuma faɗa wa marar lafiya tun farko ko kuɗin na gaɓa ɗaya ne ko na zama guda, kada rigima ta tashi a wajen biya.

Mataki na 3: Tambayoyi kafin a taɓa jel

Tambaya mafi muhimmanci ita ce ta magani. Prednisolone, dexamethasone da allurar sitiroyid suna kashe siginar Dofla cikin 'yan kwanaki, ko da cutar na nan daram. Masu rage raɗaɗi irin su diclofenac da ibuprofen ma suna iya rage ta. Da yawa daga cikin marasa lafiyarmu sun biya kemis kafin su iso gare mu, an haɗa musu ƙwayoyi a leda ba suna. Don haka kada ka tambaya "kina shan sitiroyid?", ba za ta sani ba. Ka ce: "Hajiya, wane magani kika sha a makon nan, na asibiti ko na kemis ko na gargajiya? An yi miki allura? Akwai sauran a jaka in gani?" Fuskar da ta yi kumburi ta zagaye ita ma tana ba da labari.

Gargaɗi: kada ka ce ta daina sitiroyid don hoto ya yi kyau. Wanda ya daɗe yana sha, tsayar da shi farat ɗaya na iya jefa shi cikin haɗari. Ka rubuta sunan maganin da adadinsa a rahoto kawai.

Sai ka tambayi gaɓar da ta fi damunta, da hannun da take aiki da shi. A cire zobe da awarwaro da agogo. Lalle ba ya hana komai. In akwai rauni ko ƙurji a fata, a sa wa furob riga.

Mataki na 4: Zama da ɗumin hannu

Ta zauna tana fuskantarka, tebur a tsakani, tafin hannu a kife a kan matashi, yatsu a sake. Kada ta miƙar da su da ƙarfi, kada ta dunƙule. Duk ɗaurewar da ta yi tana matse ƙananan jijiyoyin jini na cikin gaɓa. Nakan ce, "Mama, ki bar hannun ya kwanta da kansa, ni zan riƙa juya shi."

Sanyi ma yana rage gudun jini a yatsu. A lokacin hunturu, ko a ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki ke ta aiki, ka bar ta ta ɗan zauna hannun ya yi ɗumi, ka kuma ɗumama robar jel a ruwan ɗumi. In namiji ne ke duba mace, musamman in za a kai ga gwiwa, a samu ma'aikaciya ko 'yar rakiya a ɗakin, a kuma yi bayani tun kafin a ɗaga zane.

Mataki na 5: Saita hoton baƙi da fari

Fita daga saitin masu juna biyu. Zaɓi wanda aka rubuta wa MSK, wato na tsoka da ƙashi, in babu shi ka ɗauki na ƙananan sassa, irin wanda ake duba maƙoƙo da shi. Kai mita, wato adadin MHz, ƙarshen abin da furob zai iya. Rage zurfi zuwa santimita 1.5 ko 2 a yatsu, 2 zuwa 3 a wuyan hannu, wajen 4 a gwiwa, yadda gaɓar za ta cika allon. Sa alamar fokas daidai layin gaɓar. Daidaita haske har ƙashi ya fito fari tas a siririn layi, ruwa kuma ya fito baƙi.

Abubuwa huɗu kake nema, kuma ma'anarsu ta fito ne daga OMERACT, ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai tsara ma'aunin cututtukan gaɓɓai, tun 2005. Kaurin tantanin gaɓa: nama mai duhu a cikin gaɓa, wanda ba ya gudu in ka danna, ba ya kuma matsuwa sosai. Ruwa: baƙi ne ko mai duhu, yana matsuwa, yana gudu gefe, ba ya ɗaukar launin Dofla. Zaizayar ƙashi: yankewa a farin layin ƙashi a cikin gaɓa, wadda ta bayyana a tsaye da kuma a gicciye. Sai kumburin kuben jijiyar motsi, wato jijiyar da ke jan yatsa: duhu ya zagaye ta, da ruwa ko babu.

Mataki na 6: Saita Dofla, ka kuma sassauta hannunka

Nan ne aikin yake. Tantanin da ya yi kauri na iya zama saura daga tsohon ciwo. Abin da ke nuna wutar na ci yanzu shi ne jini a cikinsa, kuma jinin nan a hankali yake tafiya cikin jijiyoyin da ba su kai kaurin gashi ba. Saitin da ake duba cibiyar jariri ko jijiyar wuya da shi an yi shi ne don jini mai gudu, zai share wannan gaba ɗaya.

Bi wannan jerin. Kunna fawa Dofla. Sauke PRF, wato saitin saurin jinin da na'urar za ta kama, zuwa tsakanin 0.5 da 1 kHz, ni nakan fara daga wajen 0.7 in sauka in hoton ya natsu. Sa matatar da aka rubuta wa WF, wadda ke share motsi mai tafiya a hankali, a mafi ƙasa. Mitar Dofla ta zama babba a yatsu, ka rage ta a gwiwa. Sai ƙarfin launi: ƙara shi har ɗige-ɗigen hayaniya su cika akwatin, sannan ka riƙa ragewa kaɗan-kaɗan har su ɓace daga ƙarƙashin layin ƙashi. Tsaya nan, kada ka ƙara ragewa. Akwatin launi ya rufe gaɓar duka, saman sa kuma ya kai har fata. Dalili shi ne jijiyar jinin da ke kusa da fata takan jefa inuwar launinta zuwa cikin gaɓa. In akwatin bai kai sama ba, ba za ka ga uwar inuwar ba, sai ka rubuta kumburi.

Yanzu gwada saitin. Ɗora furob a tsokar kan yatsanka ko gindin farce, da jel mai yawa. Ya kamata ka ga launi yana bugawa. In ba ka gani ba, na'urar ba za ta ga kumburi a gaɓar kowa ba, kuma duk "babu Dofla" da za ka rubuta ba shi da daraja. In ka gani, adana saitin da suna don kada ka riƙa maimaitawa kullum.

Sai batun dannawa. Wanda ya saba duba ciki ya saba danna furob, hannunsa ya riga ya koyi haka. A gaɓa, dannawa kamar taka tiyo ne: ruwan zai tsaya. Zuba jel har ya yi tudu, ka bar furob ya zauna a kan jel ɗin ba a kan fata ba. Shaidar ka yi daidai ita ce ka ga baƙin layin jel a saman allon, tsakanin furob da fata, daga wannan gefe zuwa wancan. Riƙe furob kusa da bakinsa, ka kafa ƙaramin yatsanka da gefen hannunka a kan matashi ko a hannunta don kada ka yi rawa. Masu tsumulmular jel su sani, a nan jel shi ne mafi arha cikin kayan aikin, kuma rashinsa ne ke ɓata sakamako.

Gargaɗi: launi da ya watsu ya cika akwatin lokaci guda ya ɓace, motsi ne, naka ko nata, ko ma maganar da take yi. Launi a ƙarƙashin layin ƙashi, madubin na sama ne. Ɗigo ɗaya da ke shiga ƙashi ta wani ɗan rami mai santsi, jijiyar da ke ciyar da ƙashin ce, kowa na da ita. In ka yi shakka, sa ƙofar Dofla mai zana igiyar bugu a kan ɗigon ka ga ko yana tafiya da bugun zuciya.

Mataki na 7: Yatsun hannu

Ka riƙe tsari ɗaya kullum, dama kafin hagu, don kada ka tsallake gaɓa. In lokaci ya ƙure, akwai gajeren tsari na gaɓɓai bakwai da likitocin Jamus suka wallafa a 2009: wuyan hannu, tushen yatsa na biyu da na uku (manuniya da na tsakiya), tsakiyar yatsa na biyu da na uku, da tushen yatsan ƙafa na biyu da na biyar, duk a ɓangaren da ya fi ciwo. Ga wadda ake duba ta karon farko, na fi son a yi ɓangare biyu.

Fara da gaɓar tushen manuniya ta bayan hannu, furob a tsaye bisa tsawon yatsa. Za ka ga zagayayyen kan ƙashin tafin hannu a gefe ɗaya, gindin ƙashin yatsa a ɗaya gefen, tsakaninsu ɗan kusurwa mai haske, jijiyar motsi ta ratsa ta sama. Kada ka tsaya a tsakiya. Ja furob a hankali zuwa gefen babban yatsa, ka dawo zuwa ɗaya gefen, sannan ka juya shi a gicciye ka sake sharewa. Yi baƙi da fari tukuna, sannan Dofla.

Zaizaya tana da wuraren da ta fi so: gefen kan ƙashin manuniya da ke kallon babban yatsa, da gefen waje na tushen ƙaramin yatsa. Sa'a ce, domin nan ne furob ke iya zagayawa. Sikanin yakan ga zaizaya a waɗannan wurare tun hoton eksire bai nuna komai ba.

Gargaɗi: a bayan kan ƙashin tafin hannu, daidai inda guringuntsi ya ƙare, akwai ɗan kwarmi na halitta. Gefensa santsi ne, ƙasansa fari ne ba yankewa, kuma za ka same shi a yatsan ɗaya hannun. Sababbin masu dubawa sukan kira shi zaizaya. Duk ramin da bai kai milimita 2 ba ka yi hattara da shi, wanda kuma bai fito ta fuska biyu ba kada ka rubuta shi.

Gaɓar tsakiyar yatsa a duba ta baya, sannan a juya hannun a duba ta ciki, domin kauri da ruwa sukan fi taruwa ta cikin. Tunda hannun na buɗe, bi jijiyoyin da ke lanƙwasa yatsu daga tafi zuwa sama, a gicciye da a tsaye. Jijiyar motsi tana da wata dabi'a: in furob ya karkata ko kaɗan, sai ta koma baƙa kamar mai ciwo. Gyara kusurwar, in ta dawo fara, lafiyarta lau.

Mataki na 8: Wuyan hannu

Mayar da tafin a kife, wuyan hannun a miƙe ba lanƙwasa. Sa furob a tsaye a tsakiya, a layi ɗaya da yatsan tsakiya. Ƙasusuwa za su jeru: ƙarshen babban ƙashin damtse, ƙananan ƙasusuwa biyu na wuyan hannu, sai gindin ƙashin tafi. A saman mahaɗarsu akwai 'yan aljihuna biyu, nan kumburi ke taruwa. Share dama da hagu.

Daga nan gangara zuwa ƙullutun ƙashin da ke gefen ƙaramin yatsa. Wata jijiyar motsi tana kwance cikin kwarmin wannan ƙashi, likitoci na kiranta ECU. Kada ka taɓa tsallake ta. Kumburin kubenta na daga cikin alamun farko na rumatoyid, kuma ƙashin da ke ƙarƙashinta wurin zaizaya ne.

Gargaɗi: akwai wata ɗamara ta halitta da ta ratsa saman jijiyoyin bayan wuyan hannu. Takan fito da duhu, ta yi kama da kumburin kube. Ita tana sama ne kawai, ba ta zagaye jijiyar, ba ta ɗaukar launi, kuma tana yin haske in ka gyara kusurwa.

Mataki na 9: Ƙafa da gwiwa

Ta kwanta ko ta jingina, gwiwa a lanƙwashe, tafin ƙafa a shimfiɗe a kan gado. Duba tushen yatsu na biyu zuwa na biyar ta sama. Sai ka zagaya gefen waje na tushen ƙaramin yatsa, wanda yake cikin wuraren da zaizaya ke fara bayyana, sau da yawa ba tare da ta taɓa kukan ƙafa ba. Ɗan ruwa ko ɗan kauri a tushen yatsun ƙafa, babu Dofla, ana samunsa a lafiyayyun mutane da yawa, kada ka ba shi nauyi. Tushen babban yatsa kuwa gidan gawut ne (amosanin da taruwar sinadarin yurik asid ke kawowa) da amosanin tsufa, bai cika taimakawa wajen rumatoyid ba.

Gwiwa: sa matashi a ƙarƙashi ta lanƙwashe kamar digiri 30. Furob a tsaye sama da ƙoƙon gwiwa, sannan ka duba aljihunan gefe biyu, domin ruwa kaɗan can yake ɓuya. In ta ce bayan gwiwar na cika, ta kifa ka nemi jakar ruwa ta gefen ciki. Dofla a gwiwa bai kai na yatsu ji ba saboda zurfi, don haka rashin launi a nan ba hujja ba ce mai ƙarfi.

Mataki na 10: Ba kowace gaɓa daraja

Tsarin EULAR da OMERACT na 2017 yana ba da daraja daga 0 zuwa 3. A kaurin tantani, ka ƙiyasta layi da ya haɗa saman ƙasusuwan biyu. Daraja ta 1, kaurin bai wuce layin ba. Ta 2, ya wuce amma samansa a kwance yake ko ya lotsa. Ta 3, ya wuce kuma ya yi tozo.

A Dofla, daraja ta 1 ita ce ɗigo har uku a warwatse, ko haɗaɗɗen tabo ɗaya da ɗigo biyu, ko haɗaɗɗu biyu. Ta 2, ya fi haka amma launin bai kai rabin tantanin ba. Ta 3, ya wuce rabi. Darajar gaɓa ita ce wadda ta fi girma cikin biyun, muddin akwai kauri. Ruwa kaɗai ba ya shiga lissafi, a rubuta shi daban.

Adana hoto huɗu ga duk gaɓar da ke da matsala: tsaye da gicciye, da launi da babu. Rubuta ɓangare da sunan gaɓa a kan hoton kafin ka matsa, bayan minti goma duk yatsu kama suke yi.

Mataki na 11: Tuna cewa kumburi ba shi da suna a allo

Tantani mai kauri da launi yana nuna kumburi ne, ba ya faɗin wace cuta ce. Rarrabuwarsa da abin da ke kewaye da shi ne ke ba da haske. Tushen yatsu, tsakiyarsu da wuyan hannu a ɓangare biyu, da zaizaya a wuraren da na ambata, wannan ya yi kama da rumatoyid. Tsiron ƙashi a bakin gaɓa, musamman gaɓar kusa da farce da gindin babban yatsa, amosanin tsufa ne, kuma shi ma yakan ɗan ɗauki launi. Farin layi a saman guringuntsi wanda ya bi siffar ƙashin, ko dunƙule mai ɗige-ɗige, ka yi tunanin gawut. Yatsa guda ya kumbura gaba ɗayansa, ko kumburin ya zagaye jijiyar bayan yatsa, ka duba fata da farce don soriyasis, cutar fata mai ɓamɓaroki da kan taɓa gaɓɓai. Budurwa mai ciwon gaɓɓai, zubewar gashi da ƙurajen fuska, kumburi babu zaizaya, a gwada lufus, wata cutar garkuwar jiki.

A yankinmu akwai ƙarin biyu. Gaɓa ɗaya babba da ta daɗe a kumbure, gwiwa ko ƙugu ko wuyan hannu, ga rama da gumin dare, tarin fuka na iya zama sanadi, kuma ba wa irin wannan sitiroyid ko methotrexate, maganin rumatoyid, ɓarna ce babba. Mai sikila kuma ciwon ƙashinsa na da nasa dalilan, a tambayi jinsin jini.

Mataki na 12: Rahoto, da abin da za a yi da shi

Ko da Turanci kake rubutawa ko da Faransanci, rahoton ya ƙunshi: samfurin na'ura da mitar furob, PRF da ka yi amfani da shi, magungunan da take sha, jerin gaɓɓan da ka duba har da lafiyayyu, darajar kauri da ta Dofla ga kowace, jijiyoyin motsi, da wurin zaizaya da girmanta. A ƙarshe ka faɗi abin da ka gani da abin da ya yi kama da shi. Kada ka yanke cewa rumatoyid ne ko ba shi ba ne, wannan na likitan da ke riƙe da gwajin jini da tarihin ciwo ne.

In ka ga Dofla daraja ta 2 ko 3 a ƙananan gaɓɓai, ko zaizaya, ka rubuta a tura ta wajen likitan gaɓɓai ba da jinkiri ba. Watannin farko ne magani ya fi hana nakasa. Irin waɗannan likitoci kaɗan ne, galibi a manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya da na Maiduguri, don haka ka ba ta hotunan a takarda ko a waya ta tafi da su, kada a sake cajin ta.

Wajen bibiya, a yi taka-tsantsan. Launin da ya saura a gaɓar wadda ta ji sauƙi yana nuna ciwon na iya dawowa, musamman in ana shirin rage magani. Amma manyan gwaje-gwaje biyu da aka wallafa a 2016, ARCTIC a Nowe da TaSER a Sikotland, sun nuna cewa ƙara magani don kawai a kashe launin Dofla bai ba da sakamakon da ya fi bin alamun jiki da gwajin jini ba, sai dai ƙarin magunguna. Saboda haka ba a sa ta dawo sikanin duk wata. A maimaita in abin da take ji da abin da likita ke gani sun saɓa, ko in za a sauya magani. In za a maimaita, a yi da na'ura ɗaya, furob ɗaya, saitin da ka adana, gaɓɓai iri ɗaya, a kuma sake tambayar maganin da ta sha a makon, in ba haka ba ba za a iya kwatanta hoton yau da na baya ba.